Koyon Zane da Tsara Fasali a Babban Matakin Sakandare

A cikin darussan da ake koyarwa a makarantun sakandare, da wuya a sami wanda jama'a suka yi wa gurguwar fahimta kamar darasin zane. Uba yakan ji ɗansa ya ci lissafi ya yi murna, ya ji ya ci Turanci ya ba da tukuici, amma in aka ce masa yaron ya fi kowa a zane sai ya yi shiru, sai ka ce an gaya masa ɗan nasa ya fi kowa iya langa. A ofisoshin ilmi ma sau da yawa haka abin yake. In wuri ya yi ƙaranci, ɗakin zane ake fara mayarwa sito; in malamai suka kasa, malamin zane ake turawa ya riƙe ajin da ba shi da mai shi. Tushen wannan duka zato ne guda, cewa zane baiwa ce kurum, wanda aka haifa da ita yana da ita, wanda ba a haifa da ita ba kuwa sai haƙuri, saboda haka babu abin da makaranta za ta ƙara wa kowa. Amma wanda ya dubi yadda ake koyar da wannan darasi a babban matakin sakandare, watau shekaru biyun nan da ɗalibi ke yi bayan ya ci jarrabawar gama sakandare kafin ya shiga jami'a, zai ga cewa baiwar hannu ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake aunawa a wurin.

Ya kamata tun da fari a rarrabe abu biyu da ke cikin sunan darasin. Na farko shi ne zane, wanda ya ƙunshi aikin fensir da gawayi, da shafa launi, da sassaƙa, da gina siffa da yumɓu. A nan mai aikin shi ke zaɓar abin da zai yi, kuma ba a neman aikin ya yi wani amfani da ya wuce a dube shi ya motsa tunani. Na biyu shi ne tsara fasali, watau shirya kamannin abin da za a yi amfani da shi tun kafin a yi shi, kamar adon da za a buga a jikin atamfa, ko bangon littafi, ko kujerar makaranta, ko kwalin magani. Mai tsara fasali bukatar wani yake bi, kuma kuɗi da inji da lokaci duk suna yi masa iyaka. Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kafin maɗinki ya zura zare a allura don ya yi wa babbar riga aiki, akwai wanda yakan shimfiɗa ƙyallen ya zana masa aska biyu ko aska takwas da alƙalami da tawada. Wannan mai zanen, wanda sau da yawa ba ya ɗinki ko kaɗan, shi ne mai tsara fasali.

Haɗa waɗannan biyu a manhajar makaranta daga ciniki ya samo asali. A shekarun 1830 masaƙun Ingila sun fi na kowace ƙasa injuna, amma masu saye sun fi son adon yadin Faransa, musamman silikin birnin Liyon, har masu masana'antun Ingila suka riƙa sayo zanen ado daga can ko kuwa su kwaikwaya. Majalisar ƙasar ta kafa kwamiti a 1835 don ya binciki lamarin, abin da ya biyo baya kuwa shi ne buɗe makarantar gwamnati ta tsara fasali a Landan a 1837. Da farko ba a so ɗalibanta su karkata ga zanen hotunan mutane, don kada su bar masana'antu su tafi neman suna. Wannan makaranta ce aka sake wa suna a 1896 ta zama kwalejin fasaha ta sarauta, wadda har yau tana nan. Watau gwamnati ta sa hannu a koyar da zane ne saboda kasuwa na neman kuɓuce mata.

Sauyi na biyu daga Jamus ya zo. A 1919 Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar, inda aka wajabta wa kowane sabon ɗalibi wani kwas na share fage. A cikin kwas ɗin ba a sa shi kwafar hoton kowa. Takarda ake ba shi, da itace, da waya, da zare, a ce ya lanƙwasa, ya yanka, ya saƙa, har ya san abin da kowannensu ke iya ɗauka da abin da ba ya iyawa. Gwamnatin Nazi ta matsa wa makarantar har ta rufe a 1933, malamanta suka watsu cikin duniya suka tafi da tsarinsu. A shekarun 1950 ya shiga makarantun zane na Ingila, daga nan ya gangaro zuwa manyan azuzuwan sakandare.

Jarrabawar babban mataki, wadda ake kira A-Level, an fara ta a Ingila a 1951. Ɗalibi mai shekara 16 yakan zaɓi darussa kamar uku kacal ya duƙufa a kansu shekara biyu. Nijeriya ta gaji wannan tsari daga Turawa. Tsofaffin ma'aikata za su tuna da aji shida na ƙasa da aji shida na sama, da takardar shaidar HSC da ake samu a ƙarshe, a makarantu irin su King's College ta Legas da Kwalejin Barewa ta Zariya. Rahoton hukumar Ashby na 1960, wanda ya shata wa ƙasar hanyar ilmi mai zurfi a jajibirin samun mulkin kai, ya ɗauki waɗannan azuzuwa a matsayin ƙofar shiga jami'a, ya kuma nemi a yawaita su.

Tun da yake a Ingila jarrabawar tana nan da ranta, a can ne ya fi sauƙi a ga fasalin darasin. A bisa tsarin da aka fara koyarwa a 2015, ɗalibi yakan zaɓi fanni guda, ko zane tsantsa, ko tsara abin bugawa, ko adon yadi, ko ƙira, ko ɗaukar hoto, ko kuma ya haɗa. Kashi 60 cikin ɗari na makinsa yana fitowa ne daga wani bincike da shi da kansa ya zaɓi kansa, ya yi watanni yana yi, tare da rubutaccen bayani wanda a wata hukumar jarrabawar yakan kama daga kalma 1000 zuwa 3000. Sauran kashi 40 kuwa daga aikin da hukumar jarrabawa ta ɗora ne: a ba shi takardar tambaya a watan Fabrairu, ya yi makonni yana shiri, sa'an nan ya zauna awa 15 a gaban mai tsaro, a rarrabe cikin 'yan kwanaki, ya fitar da aikin ƙarshe. Ana auna dukan ayyukan biyu da ma'auni huɗu masu nauyi ɗaya: yadda ya raya tunaninsa ta hanyar nazarin aikin wasu, yadda ya gwada kayan aiki ya tace, yadda ya rubuta ko ya zana abin da ya lura da shi, da kuma aikin da ya gabatar a ƙarshe.

To, a nan ne abin lura yake. Kyakkyawan hoton da za a rataye a bango rubu'in maki kawai yake ɗauke da shi. Sauran rubu'i uku suna cikin littafin gwaji, wanda ɗalibi ke cikawa da ƙananan zane-zane, da guntayen ƙyalle, da launukan da ya gauraya suka ƙi, da 'yan bayanai a gefe na dalilin da ya sa ya bar wannan hanya ya kama waccan. Ɗalibin da ya yaga shafin da ya ɓaci don kada a gani, makinsa ya yaga. Wannan yakan yi wa yaran da suka saba da haddar amsa wuya ƙwarai, gama a sauran darussa an koya musu ɓoye kuskure, a nan kuwa ana ce musu su ajiye shi su yi masa bayani. Kuma sau da yawa yaron da aka yi ta yabo tun firamare saboda yana iya kwafar hoton ɗan ƙwallo daga jarida, shi ne yake fara gajiya, domin a karo na farko an tambaye shi dalili.

Ginshiƙin shekarar farko shi ne zanen abin da ke gaban ido. A ajiye wa ɗalibai tulu a tsakiyar ɗaki a ce su zana, za a ga yawancinsu sun yi bakin tulun da'ira sosai, alhali daga inda suke zaune bakin ya bayyana ne a shafe kamar ƙwai a kwance. Sun zana abin da suka sani, sun bar abin da suka gani. Aikin malami shi ne ya raba su da wannan ɗabi'a, kuma yana da dabarunsa. Yakan sa ɗalibi ya miƙa hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon wuyan tulun da babban yatsa, ya ga sau nawa wannan tsawo ya shiga cikin cikinsa. Yakan ajiye kujera ya ce kada a zana ƙafafunta, a zana sararin da ke tsakaninsu, domin ƙwaƙwalwa ba ta da wata siffa da ta haddace ta wannan sarari, dole ido ya yi aikin. Yakan rufe tagogi ya bar ɗaya, don a ga cewa inuwa hawa-hawa ce, kuma a can ƙarshen gefen da ya fi duhu akwai ɗan haske da ya dawo daga tabarma. Sa'an nan a fita waje a zana dogon lungu, a ga yadda katangu biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suke neman haɗuwa a nesa. Ƙa'idar wannan magina da masu zanen birnin Fulorans na Italiya ne suka tsara ta da lissafi a farkon ƙarni na 15.

Duk wannan ana iya koyonsa kamar yadda ake koyon ɗaurin baƙi da wasali. Wani ya fi wani saurin kamawa, haka yake a kowane fanni, amma wanda ya yi wata shida yana zana abin da ke gabansa kullum, idonsa ba zai koma yadda yake a da ba. Amfanin irin wannan ido bai tsaya a ɗakin zane ba. Likitan da ke duban hoton ƙashi, da safiyon da ke duban fili, da injiniyan da ke duban tsagewar gada, duk da shi suke aiki.

Tsara fasali kuwa horonsa dabam ne, domin a nan ake koya wa ɗalibi aiki cikin takura. Alal misali, a ce ya fitar da adon atamfa. Da farko zai zana fure ko tambari mai kyau a tsakiyar takarda ya ɗauka ya gama. Sai malami ya nuna masa cewa injin masaƙa da abin birgima yake bugawa, adon yana maimaita kansa daga farkon turmi zuwa ƙarshe, saboda haka gefen dama na zanensa dole ya dace da gefen hagu, sama ta dace da ƙasa, ba tare da an ga tabon haɗi ba. Sai kuma ya gaya masa cewa kowane launi da ya ƙara bugu ne na musamman, kuɗi ne kuma, don haka launi bakwai ɗin nan a mai da su uku. Sa'an nan a tuna masa cewa mace ɗaura zanen za ta yi, adon da ya yi kyau a shimfiɗe yana iya karkacewa in ya bi jiki. Ko kuma a ce ya tsara takardar bango ta yaƙi da zazzaɓin cizon sauro don mutanen da yawancinsu ba sa karatun boko. In ya girmama sauron har ya cika takarda don a gan shi da kyau, ana iya samun wanda zai duba ya ce su a garinsu babu irin wannan ƙaton ƙwaro. Ba a sanin haka a cikin aji. Sai an ɗauki takardar an kai kasuwa, an nuna wa mai tumatir da mai faskare, an tambaye su abin da suka gani, an dawo an gyara. Ɗalibin da ya koyi cewa ma'anar zanensa tana wurin mai kallo ya koyi abin da ma'aikatu da yawa ke kashe kuɗi saboda rashin saninsa.

Akwai kuma tambayar da ta daɗe tana bin wannan darasi a Nijeriya, watau me ya kamata ɗalibi ya duba, aikin wa kuma zai ɗauka abin koyi. A Arewa, makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda ake koyar da dukanci da ƙira da saƙa da sassaƙa. Sai dai an ware shi daga azuzuwan 'ya'yan sarakuna da na malamai, kuma wannan wariya tsakanin mai littafi da mai aikin hannu ta daɗe ba ta warke ba. A Kudu kuwa Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882, ya koya wa kansa zane, ya tafi Landan a 1920, ya kuma yi karatu a Faris, ya dawo a 1922 ya shiga koyarwa a makarantun Legas. A zamaninsa akwai Turawan da ke cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito kamar a hoto ba, shi kuwa ya ƙuduri aniyar ƙaryata su da ƙa'idojinsu. Shi ne ya matsa wa gwamnati ta kawo ƙarin malami, aka kawo Kenneth Murray a 1927. Abin mamaki, Baturen sai ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta Onabolu. Ya hana ɗalibansa kwaikwayon Turai, ya tura su ga sassaƙa da ginin tukwane da rayuwar ƙauyukansu. A cikin ɗalibansa akwai Ben Enwonwu, kuma a 1937 ya kai ayyukansu aka nuna a Landan. Kowane ɗayansu yana da rabin gaskiya. Hanyar Onabolu tana ba yaro ƙwarewa amma tana iya mai da shi baƙo a gidansu. Hanyar Murray tana riƙe shi a gida amma tana iya hana shi abin da sauran duniya ta sani, kamar an ce iyakarsa ke nan.

A Zariya aka yi ƙoƙarin sulhunta su. Sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Sana'a ta Nijeriya ya taso daga Ibadan ya koma Zariya a 1955, shi ne kuma ya zama sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. Yawancin malaman Turawa ne, ko da yake akwai Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, a cikinsu. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun Turai duka, amma kowa ya koma ya yi nazarin adon mutanensa ya gina a kansa. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya mai da shi harshen aikinsa. Abin da waɗannan samari suka yi da kansu a lokacin hutu, suna yawo da littafin gwaji suna tambayar tsofaffi, shi ne kusan abin da manhajar babban mataki ke nema a yau da sunan binciken ɗalibi.

Ɗalibin ƙasar Hausa kuwa abin bincike a ƙofar gidansu yake. A ɗauki tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Matsalar da ke gaban maginin ita ce azara, watau tsagin giginya, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in an miƙa ta da nisa, ga shi kuma ana son fili mai faɗi don sahu. Sai ya ɗaure azara gaɓa-gaɓa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, daga ginshiƙai biyu har suka haɗu a sama suka zama bakan gizo, aka lulluɓe da ƙasa, aka ɗora rufi a kai. Ado da ƙarfi a wurin abu guda ne, domin layukan da ke burge mai kallo su ne ke ɗauke da ginin. A shekarun 1970 an yi sabon gini ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Ɗalibin da ya zauna a irin wannan soro ya auna, ya zana, ya tambayi magina sunan kowace gaɓa da dalilinta, sa'an nan ya koma ya gwada ƙaramin bakan gizo da kara da yumɓu har ya ga inda yake karyewa, ya cika ma'aunan nan huɗu ba tare da ya buɗe littafin Turai ba. Haka kuma marinar Ƙofar Mata a Kano, da yadda baba da toka ke haɗuwa, da yadda ƙyalle ke fitowa daga karofi kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi; haka zayyanar da masu rubutun Alƙur'ani ke yi a kan sumuni da rubu'i; haka dagin da ke jikin soraye da sirdi da jakar fata. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara irin waɗannan ayyuka aka nuna su a Landan a 1976, a lokacin da 'ya'yan masu yin su da yawa ke ganin ba abin karatu ba ne.

Sai dai nazari dabam, kwafa dabam. Ɗalibin da ya ɗauko dagi ya manna a kowane aiki don a ce ya yi na gargajiya bai fi wanda ya kwafi hoton jarida ba. Labarin Ladi Kwali yana nuna yadda haɗin yake da wuyar sha'ani. Ta koyi ginin tukwane a wurin 'yan'uwanta mata a ƙauyen Kwali na ƙasar Gwari, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye tukwanenta. Michael Cardew ya gan su a can, kuma bayan ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wadda yanzu ake kira Suleja, ta shiga a 1954, mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juyi, da shafa ruwan gilashi, da gashi a murhu mai tsananin zafi, ta kuma ci gaba da zana kunama da ƙadangare da kifi a jikin randunanta. Ayyukanta sun zaga duniya, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Amma randar da aka shafe da gilashi aka gasa har ta zama kamar dutse ta yi nauyi, kuma ta daina sanyaya ruwa, gama randar gida tana sanyaya ruwa ne ta hanyar tsattsafowa ta jikinta iska na ɗauka. An sami abin kallo mai daraja, an rasa abin amfani. Ko wannan riba ce ko hasara tambaya ce da za a iya ba ɗalibi ya yi kalma 3000 a kanta bai ƙure ta ba.

Akwai wani dalili da ke sa iyaye Musulmi ja da baya, wanda bai kamata malami ya yi kamar bai san da shi ba, watau hukuncin yin surar abu mai rai. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan haka sanannu ne, malamai kuma sun yi bayani dalla-dalla. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yawancin mutanen ƙasar, an bambanta tsakanin cikakken mutum-mutumi mai inuwa, wanda aka haramta, da zanen da ke shafe a kan takarda ko ƙyalle, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Itatuwa da gine-gine da adon layuka kuwa kusan babu saɓani a kan halaccinsu. Abin da ya shafi mai tsara manhaja shi ne darasin yana da faɗin da ɗalibi zai iya gama shi da adon yadi, ko tsara haruffa, ko ginin tukwane, ko fasalin gini, ya sami cikakken maki. Makarantar da ta bayyana wa iyaye haka tun ranar zaɓen darussa takan tsira da ɗalibai da yawa, musamman mata.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982, aka yi jarrabawar babbar sakandare ta farko a 1988. Da wannan azuzuwan HSC suka shuɗe daga makarantun gwamnati, shekarar da aka rage ta koma jami'a. Babban mataki bai ɓace gaba ɗaya ba, gama akwai jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, akwai kuma makarantun kuɗi masu shirya ɗalibai don jarrabawar Kambirij. Amma ga yawancin yara, zane ya zama ɗaya daga cikin darussa takwas ko tara na babbar sakandare, darasin zaɓi, a ƙaramar sakandare kuma daga baya aka gwama shi da kiɗa da wasan kwaikwayo. Sabon tsarin an yi shi ne da niyyar ɗaukaka aikin hannu, wannan kuwa niyya ce mai kyau. Abin da ya salwanta shi ne zurfi. Wanda ke ɗauke da darasi tara ba zai ba ɗaya daga cikinsu sulusin makonsa ba, kuma sassan zane da na tsara fasali a jami'o'i da kwalejojin fasaha sukan ɓata shekarar farko suna koyar da auna tulu. A halin nan kuwa masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, yawancinsu sun rufe a farkon wannan ƙarni, kasuwar Kantin Kwari ta cika da atamfar da aka buga a ƙasashen waje da ado irin na nan. Dalilan rufewar suna da yawa, wutar lantarki da fasa-ƙwauri suna gaba, amma yanayin ya yi kama da wanda ya tayar da majalisar Ingila a 1835.

Abin da ke hannun ma'aikacin ilmi a yanzu ƙanana ne a ido, amma su ke yanke hukunci. Na gaba shi ne jadawali. Darasin minti arba'in bai isa a jiƙa yumɓu a gina a wanke hannu ba. In ba a haɗa darasi biyu ko uku a jere ba, malami zai koma rubuta tarihin zane a allo yara na kwafa, a ƙarshe su ci jarrabawa ba su taɓa riƙe buroshi ba. Kayan aiki ba su kai tsadar da ake zato ba in an yarda a saya a kasuwar gari maimakon a jira kwangila: gawayi, da jar ƙasa, da farar ƙasa, da ƙaro don haɗa launi, da baba, da takardar buhun siminti don manyan zane. Kwamfuta ta zama dole ga mai tsara abin bugawa, amma tana hanzarta hannun da ya riga ya san abin da yake so ne, don haka ba laifi ta jira zango na biyu. Ana iya gayyato marini ko maginin gari ya yi mako guda a makaranta, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane baƙon malami, a kuma kira shi malam a gaban yara. Sa'an nan akwai ajiya. Darasin da ake aunawa da aikin shekara biyu yana bukatar kabad mai makulli da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara, a ɗakin da rufinsa ba ya yoyo, da jaka mai suna ga kowane ɗalibi, da kwanan wata a bayan kowace takarda, domin mai jarrabawar da zai zo daga waje ya iya jera su a kan tebur ya bi sawun yaron daga tulun farko har zuwa aikin ƙarshe.